Sharhi: An yi dashen ƙoda an dawo gida, wa zai tsare majinyaci daga ƙwayoyin cuta?

Duk iyalin da ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san hanyar da ake bi kafin a kai ga dashe. Ana farawa da wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, a asibitin Lamorde da ke Yamai ko a babban asibitin Damagaram, har aljihu ya ƙare. Daga nan a sayar da gona ko fili ko garke, dangi su yi karo-karo, wani ɗan'uwa ya yarda ya ba da ƙodarsa guda, a nufi Indiya, Tunisiya, Masar ko Turkiyya. Bayan ƴan makonni ko watanni a dawo, jama'a su cika gida da barka da arziki. A idon mutane magana ta ƙare ke nan. A wurin likitocin ƙoda kuwa, a ranar ce aiki mafi tsawo yake farawa, domin cututtukan da ƙwayoyin cuta ke haddasawa suna sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe waɗanda aka yi wa dashe, musamman a shekarar farko.

Matsayin wannan jarida shi ne, majinyacin da ya sauka a filin jirgin Diori Hamani da sabuwar ƙoda ya zama nauyin tsarin kiwon lafiyar Nijar, ko da a ina aka yi masa aikin, ko da wa ya biya. Ba a Delhi ko Tunis masassara za ta kama shi ba. A Tasawa za ta kama shi, ko a Madawa, ko a wata unguwa ta Maraɗi, cikin dare, kuma wanda zai fara ganinsa galibi majo ne na asibitin unguwa, wanda bai taɓa riƙe takardun mai dashe ba.

Dalilin haɗarin ba shi da wuyar ganewa. Garkuwar jikin ɗan Adam ba ta san baƙo na arziki ba, duk abin da ba nata ba ne takan far masa. Shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya ɗore, wanda likita Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka a watan Disamban 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, domin jikin ɗaya bai ga ƙodar ɗan'uwansa a matsayin baƙuwa ba. Ga sauran mutane sai an danne garkuwar da magani, kuma har ƙarshen rayuwa. A yau mafi yawan masu dashen ƙoda suna shan magunguna uku: takrolimus, ko siklosporin wanda ya riga shi fitowa a farkon shekarun 1980, sai mikofenolat, sai kuma predinizon. Su ne ke hana jiki ƙin ƙodar. Su ne kuma ke buɗe ƙofa ga ƙwayoyin da ke zaune cikin ƙasa, cikin ruwa, cikin abinci, har da cikin hanjin mutum, waɗanda mai lafiya ke cuɗanya da su kullum ba tare da sun yi masa komai ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan likita ne ya tsaga bangon da gangan, don ba shi da wata hanya.

Likitocin dashe sun daɗe da lura cewa kowane lokaci da irin cututtukansa. A watan farko, abin tsoro shi ne ƙwayoyin asibiti: na wurin da aka yanka, na robar fitsari, na robar jijiya, da waɗanda ƙodar kanta ka iya zowa da su daga jikin mai bayarwa. Daga wata na biyu zuwa na shida, wani lokaci har shekara, magungunan danne garkuwa suna kan ganiyarsu, a nan ne cututtuka masu fakon rauni suke fitowa. Bayan haka, idan an rage yawan maganin, majinyaci yakan koma kamuwa da irin cututtukan da kowa ke kamuwa da su, sai dai sun fi yi masa tsanani. Abin lura shi ne, lokacin da mafi yawan ƴan Nijar ke dawowa gida ya faɗa daidai cikin zango na biyun, wato mafi haɗari. Suna barin hannun ƙwararru a daidai sa'ar da suka fi buƙatarsu.

Matsala ta farko ita ce masassara. A ƙasar nan duk zafin jiki na cizon sauro ne har sai an ga akasin haka, kuma sau da yawa ba a jiran awo ma, a sayi magani a sha, a jira kwana uku. Ga mai dashe kwana ukun nan na iya zama bambanci tsakanin jinyar mako guda da rasa ƙoda ko rai. Predinizon yana ɓoye alamun cuta. Mutum na iya ɗauke da ƙwayoyi a cikin jini jikinsa bai yi zafi sosai ba, ko mugunya ta taru a ciki bai ji ciwon a-zo-a-gani ba. Ita ma sabuwar ƙodar, da yake an yanke jijiyoyin jin ciwonta lokacin da aka ciro ta, ba lallai ta yi ciwo irin wanda aka saba ba, kuma a mara take, ba a baya ba. Ƙa'idar da cibiyoyin dashe ke koya wa majinyatansu ita ce, zafin jiki ya kai 38 a nufi asibiti a ranar. A yi awon masassarar cizon sauro, lalle, domin ita ma tana kama su. Amma ko awon ya nuna akwai ta, wannan bai kore wata cutar ba. Sai an ɗebi jini da fitsari an kai labo don a shuka su a ga ƙwayar da za ta tsiro, kuma a ɗebe su kafin a ba da maganin kashe bakteriya, ba bayan an ba da ba.

Cutar bakteriya da ta fi yawa ga masu dashen ƙoda ita ce ta hanyar fitsari. Bututun da ya haɗa sabuwar ƙoda da mafitsara gajere ne, ƙwayoyi ba sa shan wahalar haurawa. Masu laifin galibi ƴan hanji ne, wato E. koli da Kilebsiyela. A da wannan ba abin tashin hankali ba ne, ƴan kwanaki na magani sun isa. Yanzu labari ya canza. Babban binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Ba sai an je nesa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2011, wanda aka yi a wata cibiyar kula da yara masu tamowa a Maraɗi, ya gano cewa kusan kashi 31 cikin ɗari na yaran sun zo ne da bakteriyar hanji mai iya lalata magunguna irin su seftriyakson, kuma kusan duk waɗanda suka zo ba tare da ita ba, aka kuma sake auna su, sun kwashe ta kafin a sallame su. Shekaru fiye da goma ke nan, kuma babu alamar cewa shan maganin kashe bakteriya barkatai ya ragu tun daga lokacin.

Idan irin wannan ƙwaya ta shiga ƙodar mai dashe, seftriyakson da aka saba dogaro da shi a asibitocin ƙasar nan ba zai yi aiki ba. Sai an koma ga imipenem ko meropenem, masu tsada, waɗanda ta jijiya kawai ake ba da su. Akwai kuma ƙwayoyin da suka fi ƙarfin waɗannan ma. Ɗaya daga cikin sanannun irinsu, da ake kira NDM-1, an fara gano shi ne a 2008 a jikin wani majinyaci a Suwidin wanda ya kwanta asibiti a New Delhi. Wannan ba zargi ba ne ga asibitocin Indiya, waɗanda suka ceci ƴan Afirka da dama. Gaskiya ce kawai cewa wanda ya kwana makonni a asibitin waje na iya dawowa da baƙuwar ƙwaya a hanjinsa ba tare da ya sani ba. A Faransa, majinyacin da ya kwanta asibiti a wata ƙasa cikin shekarar da ta gabata akan auna shi, a keɓe masa ɗaki har sakamako ya fito. Babu abin da zai hana manyan asibitocin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa su ɗauki irin wannan ƙa'ida, don kare majinyacin da kuma makwabtansa na gado. Idan ƙwayar ta gagari meropenem, abin da ya rage sau da yawa shi ne kolistin ko amikasin, kuma dukansu biyu suna cutar da ƙoda, ƙodar da aka sayar da gona dominta.

A nan ne darajar labo take fitowa. Awon da ke nuna wane magani ƙwaya ke ji da wanda ba ta ji yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Likita ba ya jira, yakan fara da maganin da yake zaton zai yi aiki, sannan ya gyara idan sakamako ya zo. In babu labo mai aiki, ba a gyarawa, ana ta lalube ne, daga wannan allura zuwa waccan. Akwai kuma kuskure na ɗaya ɓangaren. Sau da yawa akan ga bakteriya a fitsarin mai dashe alhali ba ya jin komai. Shawarar ƙwararru a yanzu ita ce, bayan wata ɗaya ko biyu na farko, ba a ba wa irin wannan magani idan babu alamar ciwo, domin ba ya hana ciwon zuwa, ƙwayar kawai yake koya wa taurin kai.

Amma idan akwai cuta ɗaya da ya kamata hukumomin Nijar su tsaya a kanta, to tarin fuka ne. Mutane da yawa a ƙasashe irin wannan suna ɗauke da ƙwayarsa tana barci a jikinsu, garkuwa ta tsare ta shekara da shekaru. Da an danne garkuwar sai ta farka. Nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna cewa haɗarin kamuwa da tarin fuka ga wanda aka yi wa dashe ya ninka na sauran jama'a sau 20 zuwa 74. Kuma ba ya zuwa da kamannin da aka sani. Kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu dashen da ya kama, cutar takan fita daga huhu ko ta bazu a jiki: kaluluwa, hanji, ƙashi, ƙwaƙwalwa, ko ita kanta ƙodar. Wani ba zai yi tari ba sam, sai masassarar da ta ƙi sauka, da zufan dare, da rama. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, tana ba da sakamako cikin kamar awa biyu, amma sai wani ya fara zargin cutar kafin a kai mata abin aunawa.

Gano shi ma ba shi ne ƙarshen wahala ba. Maganin tarin fuka da shirin ƙasa ke rabawa kyauta, na wata shida, ƙashin bayansa shi ne rifamfisin. A watanni biyun farko yana haɗe da wasu magunguna uku cikin ƙwaya guda, ba a iya cire shi. Rifamfisin yana zuga hanta ta riƙa narkar da takrolimus da siklosporin da sauri fiye da kima. Cikin mako ɗaya ko biyu yawan maganin a jini yakan faɗi ƙasa warwas, majinyaci yana shan ƙwayoyinsa safe da dare kamar yadda aka ce masa, amma kamar bai sha ba. Garkuwa ta farfaɗo, ta far wa ƙodar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Jami'in da ya ba da maganin bai yi kuskure bisa ƙa'idar da aka koya masa ba, majinyacin ma bai yi sakaci ba, ga shi kuma an koma wankin ƙoda.

Mafita sananniya ce. Ko dai a ninka yawan takrolimus, sau da yawa sau uku zuwa biyar, ana auna shi a jini a kai a kai, ko a maye gurbin rifamfisin da ɗan'uwansa rifabutin wanda bai kai shi zuga hanta ba, ko kuma, a wasu lokuta, a haɗa magani marar ko ɗaya daga cikinsu, wanda shansa kan wuce shekara. Ko wanne aka zaɓa, sai da awon takrolimus. Ana ɗibar jinin ne da safe, awa 12 bayan shan na dare, kafin a sha na safe. Ranar da aka gama maganin tarin fuka kuma, dole a sake rage takrolimus ɗin, in ba haka ba ya taru ya zama guba ga ƙodar da yake karewa. Ninka magani sau biyar na nufin ninka kuɗinsa sau biyar na tsawon watanni, ga iyalin da ya riga ya talauce. Saboda haka tambayar da ya kamata ofishin ministan kiwon lafiya ya amsa a fili ita ce: a ina mai dashe da ke zaune a Damagaram, mai nisan kilomita kusan 900 daga Yamai, zai yi wannan awo, nawa zai biya, kuma cikin kwana nawa sakamako zai iso hannun likitansa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a tari abin tun kafin tafiya. Duk wanda ke shirin dashe, da wanda zai ba shi ƙodar, a yi musu hoton ƙirji da awon ƙwayar da ke barci, a kuma tambaye su ko sun taɓa zama da mai tarin fuka. Wanda aka samu da ita, bayan an tabbatar cutar ba ta riga ta tashi ba, a ba shi izoniyazid na wata shida zuwa tara tare da bitamin B6. Magani ne mai arha wanda shirin ƙasa ya sani sarai. Abin da ake buƙata shi ne sashen wankin ƙoda da cibiyar tarin fuka su riƙa magana da juna.

Akwai wata ƙwaya da ke shigar burtu da rigar tarin fuka, sunanta Nokardiya. An sa mata sunan Edmond Nocard, likitan dabbobi Bafaranshe da ya gano ta a jikin shanu a 1888. Cikin ƙasa take zaune, ana shaƙar ta da ƙura, abin da ba a rasa shi a nan daga hunturu har bazara. Takan fara da huhu, da tari da masassara da tabo a hoton ƙirji, a ƙarƙashin madubin labo ma takan ɗan yi kama da ƙwayar tarin fuka. Daga huhu takan wuce ƙwaƙwalwa ta tara mugunya, shi ya sa duk wanda aka same shi da ita ake ɗaukar hoton kansa ko da bai yi kukan ciwon kai ba. Ba ta saurin tsirowa a labo, idan likita bai gaya wa ma'aikatan labo yana zarginta ba, sukan zubar da abin da aka shuka kafin ta bayyana. Maganinta kotrimoksazol ne mai yawa, a cuta mai tsanani a haɗa shi da imipenem ko wani, kuma ana shansa wata shida zuwa shekara. Mai dashen da aka ɗora a kan maganin tarin fuka bisa zato alhali Nokardiya ce ke cinsa, ya yi asara biyu: cutarsa na ci gaba, rifamfisin kuma na kwance wa ƙodarsa kariya.

Ta uku ita ce Listeriya, wadda ke zuwa ta abinci: ɗanyen nono, cukun da aka yi da nonon da ba a tafasa ba, ganyen da ba a wanke da kyau ba, naman da ya kwana. Sanyin firiji ba ya hana ta yaɗuwa. Ita ce ta kashe mutane fiye da 200 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018. Ga mai raunin garkuwa takan zama sanƙarau, kuma a nan akwai tarko na musamman ga Nijar. Ƙasar tana tsakiyar yankin sanƙarau, duk ma'aikacin lafiya ya san cewa in wuya ya sanƙare da masassara, seftriyakson ake ba da wa ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan daidai ne ga sanƙarau na annoba. Amma Listeriya ba ta jin seftriyakson ko kaɗan. Amfisilin take ji, ta jijiya, na aƙalla mako uku. Magani ne tsoho, marar tsada, da ake samu kusan ko'ina. Layi ɗaya a cikin ƙa'idar jinya, cewa mai dashe da alamun sanƙarau a ƙara masa amfisilin tun daga allurar farko, ya isa ya ceci rai.

Ba wanda ke cewa mai dashe ya rabu da fura da nono. A tafasa nonon kafin a sa shi ya yi tsami, a tafasa ruwan sha idan ba a amince da shi ba, nama ya dahu sosai, a bar sharar garke da kwasar taki ga wani, a rufe hanci ranar ƙura. Su ma masu zuwa barka, wanda ke tari ya aiko da gaisuwa.

Kotrimoksazol ɗin nan, wanda mutane suka fi sani da Bactrim, shi ne kariya mafi arha da mai dashe yake da ita. Ƙa'idojin ƙungiyar KDIGO na 2009 sun ba da shawarar a riƙa shansa kullum na aƙalla wata shida bayan dashen ƙoda. Yana rage ciwon hanyar fitsari, yana kariya daga wani mugun ciwon huhu da ke kama masu raunin garkuwa, yana kuma rage haɗarin Listeriya da Nokardiya. Da yake sananne ne, ana samunsa a kowane kanti, wasu majinyata sukan raina shi, in kuɗi ya yi ƙaranci shi suke fara ajiyewa. Yana da nasa sharaɗin, domin yana iya ƙara yawan sinadarin potasiyom a jini ya kuma rage fararen ƙwayoyin jini, don haka shi ma da awo ake tafiya da shi.

Sai batun farmasi da masu tallar magani a kasuwa da tasha. Eritromisin da kilaritromisin, da ake ba masu ciwon maƙogwaro ko ƙirji, akasin rifamfisin suke yi: suna hana hanta narkar da takrolimus, ya taru ya ƙone ƙodar. Jantamisin, allurar da ake yi wa mutane kamar ruwa, guba ce ga ƙoda mai rauni. Diklofenak da ibuprofen, abokan duk mai ciwon jiki, haka. Ko zawo na kwana biyu na iya ɗaga yawan takrolimus a jini, ga kuma ƙarancin ruwa a jiki a watan Afrilu ko Mayu. Saƙe-saƙin gargajiya da masoya ke kawowa don ƙarin jini ko wankin ciki, babu wanda zai iya cewa ga yadda za su yi da takrolimus. Mai dashe ba ya da ikon gwaji.

Idan cuta ta yi tsanani, maganin kashe bakteriya kaɗai ba ya isa, sai an ɗan sassauta wa garkuwar jiki ta taimaka. Galibi mikofenolat ake fara ragewa ko dakatarwa. Predinizon ba a yanke shi farat ɗaya, domin jikin da ya saba da shi na iya durƙushewa, a ciwo mai tsanani ma ƙara shi ake yi na ɗan lokaci. A sassauta da yawa jiki ya ƙi ƙodar, a ƙi sassautawa cuta ta ci rai. Gaba kura ce baya sayaki, kuma hukunci ne da sai likitan ƙoda ya yanke shi, yana duban sakamakon jini kowace rana. Idan mugunya ta taru sai an zuƙe ta, idan robar da ke jiki ce matattarar ƙwayoyin sai an cire ta.

Akwai waɗanda halinsu ya fi na kowa muni, su ne waɗanda suka sayi ƙoda ta hannun dillalai. Sanarwar Istanbul ta 2008 ta yi tir da cinikin sassan jiki, kuma ba don mutunci kaɗai ba. Likitocin ƙasashe da dama sun ruwaito cewa masu irin wannan dashe sun fi dawowa da cututtuka masu tsanani. Ba a auna mai bayarwa yadda ya kamata, ana sallamar majinyaci cikin gaggawa, kuma sau da yawa yakan dawo ba cikakkun takardu. Likitan da zai karɓe shi bai san abin da aka ba shi ba, bai san ƙodar wa ke jikinsa ba. Duk da haka ba korarsa za a yi ba. Wanda ya ji tsoron faɗin gaskiya ya ɓoye, shi ne zai zo asibiti a makare.

Abin da ake nema daga gwamnati bai kai kuɗin gina sabon asibiti ba. A buɗe rajistar duk ɗan Nijar da aka yi wa dashe, a san inda yake zaune da likitan da ke bibiyarsa. Hukumar da ke sa hannu kan takardun fita waje neman magani ta ɗora sharaɗi: kafin tafiya a yi awon tarin fuka a kammala alluran rigakafi, domin bayan dashe ba a yin masu ɗauke da ƙwaya mai rai irin ta shawara, sannan a dawo da cikakken rahoton asibiti cikin Faransanci ko Ingilishi, har da sakamakon duk ƙwayar da aka samu a jikin majinyacin can. A ba kowane mai dashe kati da zai riƙa yawo da shi, ɗauke da sunayen magungunansa, da waɗanda aka hana ba shi, da lambar wayar likitan ƙoda da majo na kowane gari zai iya kira ko da tsakar dare. ONPPC ta sa takrolimus da mikofenolat cikin magungunan da ba a yarda su yanke ba, don iyalai su daina dogaro da matafiya da ƴan kasuwa, su daina kuma sauya samfuri duk wata ba tare da awo ba. Shirin yaƙi da tarin fuka ya ajiye rifabutin da magungunan da ba a haɗe ba domin irin waɗannan majinyata, ya kuma ƙara tambaya ɗaya a takardar karɓar sabon majinyaci: an taɓa yi maka dashe?

Labo kuwa amfaninsa ya wuce masu dashe. Kwalaben shuka jini da kayan awon jin magani da za a tanada a manyan asibitocin jihohi, su ne dai za su yi wa jarirai, da masu jego, da yara masu tamowa aiki. Ƙasar da ke da cibiya irin CERMES, mai gogewar shekaru a kan bakteriyar sanƙarau, ba ta rasa waɗanda za su horar da ma'aikata.

Makwabta sun riga sun shiga wannan fage. A Najeriya an fara dashen ƙoda a Legas a shekarar 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002, kuma ga mutumin Maraɗi ko Damagaram, Kano ta fi Yamai kusa. Senegal ta yi nata na farko a watan Nuwamban 2023 a asibitin soja na Wakam da ke Dakar. Duk shirin da Nijar za ta yi na dashe a cikin gida, ba a ɗakin tiyata za a gane ingancinsa ba, domin aikin kansa na ƴan awanni ne kuma ana iya gayyato ƙwararru su taya. Za a gane shi ne a wata na huɗu, ranar da majinyaci ya zo da zafin jiki 38 da ɗigo biyu, a ga ko an ɗebi jininsa kafin allura, ko akwai wanda ya tuna da tarin fuka da Nokardiya, da kuma ko sakamakon takrolimus ɗinsa zai fito a cikin makon.